Fitilar Kawu: rele uku a jikin tsohon babur, da ɓarnar da suka tono

Kawuna ɗan goro ne. Kowace Lahadi yana ɗaure huhu a bayan babur ya nufi kasuwar Pitowa, kuma ba ya juyowa Garwa sai ya sallaci magariba a can. Tafiyar ba wata mai nisa ba ce, kimanin kilomita 15, amma hanya ce ta manyan motoci masu wucewa Marwa da Kusiri da Injamena, ga shanu masu tsallaka titi, ga mata 'yan kasuwa a gefen kwalta da kaya a ka. A wannan hanyar ne, wani dare cikin daminar bara, saura ƙiris ya afka wa amalanken jaki. Washegari tun ban gama buɗe shago ba sai ga shi.

"Ɗana, fitilar nan ta koma aci-bal-bal. Nemo mini ƙwai mai ƙarfi, ko nawa ne."

"Kawu, ku bar mini shi zuwa la'asar. Kafin a sayi komai ina so in auna."

Ya harare ni, ya ce mu yaran yanzu ko tuwo aka ba mu sai mun sa masa mita. Amma ya ajiye makulli ya tafi.

Babur ɗin ƙirar Japan ne na 1994, inji 125, batir mai volt 12, yana da sitata da kuma kik. Kawu ya saye shi ne a gwanjon wani aikin raya karkara, kuma injinsa har yau garau yake. Wutarsa ce ta tsufa. Ni kuwa sana'ata ke nan, gyaran wutar mota da ta babur, abin da 'yan'uwanmu na Yola ke kira rewaya.

Ƙorafin nasa kashi uku ne, kuma sai daga baya na gane cewa tun a bakin shago ya faɗa mini komai, ni ne ban saurara da kyau ba. Na farko, idan yana gudu fitilar tana buɗe ido, amma da ya sassauta don rami ko saniya sai ta lumshe, idan kuma ya taka birki ta ƙara dusashewa. Wato daidai lokacin da yake bukatar gani ne take juya masa baya. Na biyu, odarsa ta zama kukan ɗan akuya, direban tirela ba ya ma sanin an danna. Na uku, wanda ya faɗa a kan hanyarsa ta fita kamar ba komai ba, batirin yana shan ruwa, kusan duk sati biyu sai an ƙara masa. Na ce a raina zafin Garwa ne, garin da a watan Maris da Afrilu ma'auni ke haura digiri 40. Na bar maganar a nan.

Ya riga ya gwada nasa maganin. Wani ya ba shi shawara ya sa ƙwan mota mai wat 60/55 a madadin nasa na asali mai wat 35/35. Haske bai ƙaru yadda ya zata ba, sai ma makunnin hannun hagu, wanda ke sauya kod da far, wato hasken kusa da hasken nesa, ya fara zafi har robarsa ta lanƙwashe. Ya koma ƙaramin ƙwai, amma ɓarna ta riga ta auku. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin da na fara tabbatarwa

Fitilar da haskenta ke hawa da sauka tare da inji tana sa ni zargi guda. Ƙananan babura da yawa, musamman tsofaffi masu kik kaɗai, ba daga batir suke ba fitilar gaba wuta ba. Daga koyil ɗin da ke cikin inji take sha kai tsaye, wuta mai kai da komowa irin wadda ake kira AC. Irin wannan babur, idan ka sa masa rele na mota yadda zan bayyana a ƙasa, sai ka ji rele yana ɓari kamar ƙudan zuma, kuma idan ka mayar da fitilar kan batir da ƙarfin tsiya, cajin da ke shiga batirin ba zai ɗauki nauyinta ba. Gwajin ba ya bukatar kayan aiki: a murɗa makulli, kada a ta da inji, a kunna fitila. In ta kama, daga batir take sha. Ta Kawu ta kama, ja-ja-ja kamar garwashin da ya kwana.

Sai na ɗauko mita. Inji yana aiki a tsaye, fitila tana kan kod. A kan batir mita ta nuna volt 12.4. A bakin ƙwan, tsakanin ƙafafunsa biyu, volt 10.0. Wato volt 2.4 sun ɓace a hanya, a tazarar da ba ta kai tsawon mutum ba.

Wanda bai saba ba zai ce mene ne volt biyu da ɗoriya. To ƙwan fitila mai zare ba ya lissafi irin namu. Idan wutar da ke isa gare shi ta ragu da kashi 10 cikin ɗari, haskensa yana raguwa da kusan kashi 30. A nan ta ragu da kusan kashi 20, haske kuwa ya faɗi zuwa rabi. Kuma masu ƙera ƙwan fitilar gaba a kan volt 13.2 suke auna haskensa, ba a kan 12 da aka rubuta a kwali ba. In aka kwatanta da wannan, Kawu yana tafiya ne da kimanin kashi 40 na hasken da ya biya kuɗinsa.

Daga nan sai bin sawu. Hanyar da nake bi ita ce in ɗora tsinken mita ɗaya kafin wuri, ɗaya bayansa, fitila tana kunne, in ga nawa wurin ya ci. Dole sai kaya suna kunne. Wayar da saura zare biyu ta tsinke za ta nuna maka volt 12 cif idan ba abin da ke jan wuta ta cikinta, shi ya sa masu gwada waya da ɗan ƙwan gwaji ko da tartsatsi suke rantsuwa cewa lafiyarta lau. Gidan fis, mai fis ɗin gilashi irin na da, maƙallansa sun yi kore, ya ci 0.3. Gidan makulli ya ci 0.7. Makunnin fitila na dama da na kod da far na hagu, su biyun sun ci 0.8, kuma mafi yawa a wanda ya narke ne. Wayoyi da mahaɗansu, har da wuri biyu da wani ya murɗe waya da hannu ya naɗe da baƙin salatif, 0.2. Ragowar 0.4 a hanyar komawa ce, wato mas, domin an taɓa tsinke wayar mas ta asali aka ɗaure guntunta a kusoshin gidan fitila. Wutar da ta fito daga ƙwai sai ta ratsa ta cikin boris ɗin wuyan babur, cikin giris da ƙura, kafin ta samu shasi.

Wutar da ta ɓace ba iska ta bi ba, zafi ta zama. Volt 2.4 sau amp biyu da rabi, wajen wat 6 ke nan suna dafa makunnai a hankali. Shi kuma zafi a wuri mai tsatsa yana ƙaruwa ne fiye da yadda nauyi ke ƙaruwa: in wutar da ke wucewa ta ninka biyu, zafin ya ninka huɗu. Babban ƙwan da Kawu ya sa yana jan amp huɗu da wani abu, wanda ya ninka zafin makunnin kusan sau biyu da rabi. Ga abin da ya narkar da robar. Batun birki kuma ya fito fili: ƙwan birki wat 21 ne, ta gidan makulli ɗaya suke bi da fitilar gaba, da ya kama sai asarar da ake yi a makullin ta ƙaru, fitila ta biya.

Da la'asar Kawu ya dawo na rasa yadda zan yi masa bayani, sai na bi ta sana'arsa.

"Kawu, in kun aika huhun goro daga nan zuwa Figil, ya bi ta hannun dillali biyar, kowa ya cire la'adarsa, me zai isa?"

"Ganye."

"To haka wutar nan take. Makulli dillali ne, makunni dillali ne, kuma duk sun tsufa sun ƙara haɗama."

"Sai a kore su."

"Ba a korar su. Za a bar musu aike kawai, kaya kuma su bi wata hanya."

Aikin rele ke nan, ba ƙari. A nan muna ce masa rele yadda ya zo mana daga Faransanci, masu sayo kaya daga Najeriya su ce rile. Ɗan akwati ne baƙi da bai fi kan babban yatsa biyu ba. A cikinsa akwai siririyar waya da aka naɗe a kan ƙarfe. Idan 'yar wuta ta bi ta cikinta sai ƙarfen ya zama maganaɗisu, ya fizgo wani harshe, harshen ya haɗa manyan ƙafafu biyu. Naɗin nan abin da yake ci bai wuce amp 0.15 zuwa 0.2 ba, amma harshen yana ɗaukar amp 30 ko 40, gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsa. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai, ana danganta ta da Joseph Henry, masanin kimiyya na Amurka, tun wajen 1835, kuma da ita aka riƙa miƙa saƙon tangarahu daga zango zuwa zango. Lambobin da ke ƙarƙashinsa kuwa tsarin Jamus ne mai suna DIN 72552, shi ya sa ko daga ina rele ya zo ma'anarsu ɗaya ce: 30 wuta daga batir, 87 fita zuwa abin da za a kunna, 85 da 86 na naɗin. Mai ƙafa biyar yana da 87a, wadda ke haɗe da 30 lokacin da rele yake hutawa.

Abin da ya sa ya dace da tsohon babur shi ne ba ya da tsada wajen gamsuwa. Volt 8 ma sun isa su fizgo harshen. Kenan tsohuwar wayar da ta kasa ciyar da ƙwai za ta iya ta da rele cikin sauƙi, kuma tunda abin da ke bi ta makunni ya sauko daga kusan amp 3 zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka, asarar da zafin duk sun tafi.

Na so in saya wa Kawu sababbin makunnai a maimakon haka, amma na asali na wannan ƙirar ba a samunsu a kasuwa, waɗanda ake samu kuma na sha ganin yadda suke ƙarewa bayan damina ɗaya. Ko da an samu nagari, hanyar wutar tana nan da tsawonta: daga batir zuwa makulli, zuwa hannun dama, zuwa hannun hagu, sannan ƙwai, a cikin siririyar waya.

Sayen kaya da ɗaurawa

A sayen waya aka fi cutar mutane. Akwai wadda in ka fere ta za ka ga ja kamar jan ƙarfe, alhali alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Alminiyam yana ɗaukar kimanin kashi 60 ne kawai na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka, kuma girgizar babur tana karya shi. A gaban mai shago na kankare zare ɗaya da wuƙa, ciki ya fito fari. Na kunna ashana a ƙarƙashin wani, ya lanƙwashe ya zube kamar toka. Jan ƙarfe na gaske ja yake yi ya tsaya. Mai shagon bai ce uffan ba, ya shiga ciki ya fito da wani naɗin, mai nauyi, kuɗinsa kuma ya fi. Ban yi ciniki sosai ba. Na ɗauki mai kaurin milimita sukwaya 1.5 don fitila da mas, da mai 2.5 don oda. Mita ɗaya ta waya mai 1.5 tana tare wuta da kimanin om 0.012 ne kawai, alhali siririya mai 0.5, irin wadda ta cika cikin tsofaffin babura, tana kai 0.035.

Rele kuwa na cire su ne daga wata mota da ta mutu, a wurin masu sayar da kayan gwanjo. Na fi yarda da tsohon rele na asali a kan sabo mai sheƙi da ba shi da nauyi a hannu. Na taɓa fasa irin waɗancan, na tarar da harshe siriri kamar na gwangwanin madara, a jiki kuma an buga amp 40.

Uku na ɗaura. Ɗaya na kod, ɗaya na far, ɗaya na oda. Ana iya yin fitilar da dabarar mai ƙafa biyar, amma na fi son kowane zare da nasa, don in ɗaya ya mutu a hanya Kawu ya sauya zuwa ɗayan ya iso gida.

Daga kan batir na ja sabuwar waya, na sa fis mai amp 10 a tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya daga batirin ba. Wannan ba abin wasa ba ne. Waya ce da ke ɗauke da wuta dare da rana ko an zare makulli, kuma a ƙarƙashin tankin mai take bi. In ta goge a jikin ƙarfe babu fis, ƙaramin batirin nan ya isa ya mayar da ita jan garwashi. Fis waya yake karewa, don haka duk tsawon da ke tsakaninsa da batir a tsirara yake. Wayar ta tafi ƙafa ta 30 a rele biyun fitila. Tsofaffin wayoyin kod da far na zare su daga bakin ƙwai, kowace na kai ta ƙafa ta 86 a nata rele, 85 kuma zuwa mas. Daga 87 sababbin wayoyi suka tafi ƙwai. Mas ɗin ƙwan na ja masa waya tasa har kan batir, na raba shi da boris ɗin wuya. Ɗan shuɗin ƙwan da ke nuna far a kan mita ban taɓa shi ba, yana nan a tsohuwar wayarsa.

Oda ta fi sauƙi, in an san halinta. A yawancin baburan Japan wuta tana zaune ne a jikin oda muddin makulli na kunne, maɓallin hannu mas yake ba ta. Wanda bai lura ba zai nemi wuta a wayar maɓalli ya rasa. Ni dai wayoyi biyun da ke jikin tsohuwar odar na zare, na sa ɗaya a 86, ɗaya a 85, shi ke nan. Sabuwar oda tagwaye ce ta mota, da nata fis mai amp 15. Wasu rele suna da diyod a ciki don kashe tartsatsin da naɗi ke mayarwa idan an yanke masa wuta. Irin waɗannan ba a juya musu ƙafa, dole mai wuta ta shiga 86. Akwai zanen a jikin akwatin, a duba.

Yaron shagona ne na ba ɗaurin na kod, ina waya da wani. Da na juyo sai na ji rele ya yi ƙas, alhali makulli yana aljihuna.

"Daga ina ka ɗauko wutar 86?"

"Maigida, daga 30 na yi mata gada, ta fi kusa."

Da an bar shi haka, fitila ba za ta mutu ba ko an zare makulli. Ko da ma ba fitila, naɗin rele kaɗai in ya kwana a kunne yana shan amp 0.15 sau awa 24, wato 3.6, rabin ƙaramin batir mai amp-awa 7 a yini guda. Na sa shi ya warware da hannunsa.

Sauran aikin na haƙuri ne. Rele ukun na jera su a ƙarƙashin tanki, nesa da kan inji, ƙafafunsu suna kallon ƙasa don kada ruwa ya taru a ciki. Kowace mahaɗa na matse ta da filaya ta matsewa, na sa robar da ke tsukewa da zafi. A wuyan babur na bar wa wayoyi sarari, na juya kai dama da hagu har ƙarshe sau da yawa ina kallon ko akwai mai ja. Sannan na buɗe tsofaffin makunnan na goge su da samfefa mai laushi, na canza gidan fis na asali. Wani zai ce tunda rele ya ɗauke musu nauyi me ya sa. Dalili shi ne babbar wuta takan ƙone 'yar dattin da ke kan makunni ta wuce, ƙaramar wuta kuwa ba ta da wannan ƙarfin, sai ka ga rele yana kamawa yana saki a kan gargada.

Na sake aunawa inji yana aiki a tsaye. Batir 12.5, bakin ƙwai 12.3. Bayan isha'i muka haska bangon makwabta, ƙwan nan dai mai wat 35 da Kawu ya raina, sai ga haske fari tas. Ya danna oda, karen layin ya zabura. Ya ce Allah ya yi mini albarka, ya ajiye mini goro fari guda goma, ya hau ya tafi. Kuɗin kayan duka bai kai na sabon batir ba.

Inda na yi sake

Bayan sati biyar ya dawo, kod ya ƙone. Na ce ƙwan kasuwa ne, na sa wani. Ba a rufe sati uku ba shi ma ya bi sahu, gilashinsa ya yi baƙi daga ciki. Wannan karon Kawu bai zauna ba.

"Ɗana, shekara uku ina tafiya da ƙwai ɗaya kafin ka sa mini akwatunan nan. Ko dai garin neman gira za mu rasa ido?"

Maganarsa tana kan hanya, kuma ta dame ni. Na ɗora mita a kan batir, wannan karon na ce wa yaro ya murɗa mai kamar ana tafiya a kan titi. Lamba ta hau 14, ta wuce 15, ta tsaya a 15.8. Cajin babur mai lafiya tsakanin 13.8 ne da 14.5. Duk awon da na yi a ranar farko inji yana tsaye ne a hankali, ban taɓa ɗaga shi ba ko sau ɗaya. Kuskuren nawa ne, ba na kowa ba.

Sai komai ya haɗu. Babur ɗin ya daɗe yana cajin da ya wuce kima. Shi ya sa batir ke shan ruwa, domin da caji ya haura wajen volt 14.4 ruwan batir yakan fara rabuwa ya fita a matsayin iska, ba zafin gari ba ne kaɗai. Ruwa ba ya tsami banza. Shi ya sa kuma batirin ya raunana har ba ya iya riƙe fitila idan inji ya sassauta. A kan gudu kuwa, volt 15.8 a cire la'adar dillalan nan, abin da ke isa ƙwai wajen 13 ne, daidai abin da yake so. Ɓarna biyu ne suka haɗu suna rufa wa juna asiri shekara da shekaru. Da na share hanya, sai volt 15.6 suka riƙa dira a kan zaren ƙwai ba mai tare su. Ƙa'idar da aka sani ita ce ƙarin kashi 5 cikin ɗari a kan ƙwai mai zare yana raba kwanansa biyu. Nan ƙarin ya kusa kashi 20, ga kuma girgizar hanya a kan zaren da ya yi laushi don zafi.

Na zaci rigileta, wato na'urar da ke daidaita caji, ce ta mutu, har na fara lissafin kuɗinta. Kafin in cire ta na ɗora mita tsakanin wayarta ta mas da kan batir, inji a sama. Ya kamata in ga kusan sifiri, sai na ga volt 1.4. Mas ɗinta a kan wani kusoshi yake a bayan murfin gefe, inda ruwan batir ya daɗe yana ɗiga, ƙarƙashin wanki ya zama garin tsatsa. Rigileta tana auna wuta ne tsakanin wayarta da nata mas. In mas ɗin ya ɗaga da volt ɗaya da rabi, ita a ganinta 14.4 take bayarwa, batir kuwa yana karɓar kusan 16. Kuma abin yana ciyar da kansa: caji ya yi yawa, batir ya tofar da ruwa, ruwan ya ci kusoshi, caji ya ƙara hawa. Na kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, na ja waya mai 2.5 daga mas ɗin rigileta zuwa kan batir. Muka sake murɗa mai, lamba ta tsaya a 14.4 ta ƙi motsi. Wasu baburan suna da wata hanyar kamuwa da wannan ciwo, domin rigiletarsu tana da wayar leƙe da ke ɗaukar awo daga bayan gidan makulli, in makullin ya tsufa sai ta ga wuta ta yi ƙasa ta ƙara caji. Na Kawu ba shi da ita.

Batirin dai bai tsira ba. Gefensa ya kumbura, ɗaki biyu farantansu sun fito sama da ruwa. Sabo muka saya, kuma rabin kuɗin daga aljihuna ya fita, tare da ƙwai biyun da suka ƙone. Na roƙi Kawu abu ɗaya, in za a ƙara ruwa a sa tataccen ruwan batir, kada a sa asid, kada a sa na rijiya.

Da ya ga komai ya daidaita sai tsohon burinsa ya motsa, ya ce tunda yanzu waya ta yi kauri a mayar masa da mai wat 60. Na ƙi. Wayar da rele za su ɗauka, amma rele ba ya haifar da wuta, abin da koyil ɗin inji ya samar shi ake rabawa. Fitilar gaba 35, ta baya 5, ƙananan ƙwayayen mita, wutar filogi, rele wat 2, ga birki 21 da sigina idan sun kama. Na gwada masa a gabansa: da babban ƙwai, inji a hankali, mita tana gangarowa ƙasa da 12, wato batir ne ke ciko daga aljihunsa. Mai yawo cikin gari daga wannan rumfa zuwa waccan, kwana kaɗan zai koma kik. Ɗansa kuma ya kawo shawarar ƙwan LED, wanda gaskiya ba ya jan wuta sosai. Sai dai madubin wannan fitilar an ƙera shi ne don zare da ke zaune a wuri ɗaya tak, masu arahar da na gwada a irinsa watsa haske suke yi sama da gefe, su kashe wa mai tahowa ido, cikin ƙurar hunturu kuma su tsaya maka a gaba kamar farin bango. Na ce a bari sai an samu fitila sukutum da aka yi don shi.

Yanzu wata bakwai ke nan da ƙwai na uku. Batirin sau ɗaya aka ƙara masa ruwa. Na liƙa fis biyu na ajiya da salatif a cikin murfin gefe, na zana masa a takarda wane rele ne na me, don in ya tsaya a Pitowa ko Gashiga wani mai gyara kada ya yanke abin da bai gane ba. Ni kuma a shago na sauya tsari, duk babur da ya shigo da ƙorafin fitila sai an auna batirinsa sau biyu, inji a ƙasa da inji a sama, kafin a taɓa ko waya ɗaya. Ranar Litinin da ta wuce Kawu ya biyo da safe, ba don gyara ba. Makwabcinsa a kasuwa, mai sayar da albasa, yana biye da shi a kan wani tsohon babur mai kik, yana so a sa masa akwatunan nan shi ma. Na murɗa makullinsa na kunna fitila inji a kashe. Ba ta kama ba.